Izinin Wucewa: Tarihin Hanyoyin Bakin Iyaka a Arewacin Zamfara

A shekarar 2021 wata hanyar mota da ƙasar Indiya ta shimfiɗa a kan tsaunin Umling La ta shiga kundin bajinta na Guinness, a matsayin hanyar da ta fi kowace tsayi a duniya a lokacin. Wurin yana yankin Ladak, dab da iyakar Indiya da ƙasar Sin, kuma tsayinsa ya kai ƙafa 19,024, wato kusan mita 5,800 daga doron teku. Iskar da ake shaƙa a can ba ta wuce rabin wadda ake samu a bakin teku ba. Hukumar gina hanyoyin kan iyaka, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ita ta yi aikin, kuma har yau baƙon da ya zo daga wata ƙasa ba ya kutsawa yankunan da ke dab da wannan iyaka sai da takardar izini.

Mu nan arewacin Zamfara ba mu da tsauni mai wannan tsayi. Hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Shinkafi, ta wuce Isa da Sabon Birni har iyakar Nijar, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, sai fadamu da gulabe irin su Gagare da Bunsuru. Haka ma wadda ta ratsa Zurmi da Gurbin Ɓaure ta faɗa Jibiya. Amma tambayar da ake yi a Ladak ita ce ake yi a Katuru da Badarawa da Jangeru: wa ke da ikon bin hanyar da ke bakin iyaka, kuma wa ke ba da izini? Wannan tambaya ta girmi kwalta, ta girmi Nijeriya kanta. In muka bi tarihinta za mu ga hanyoyi uku da masu mulki suka bi don amsa ta: rakiya, zaunar da mutane, da rufewa. Za mu kuma ga wadda ta fi daɗewa tana aiki.

Iyakar farko

Tun kafin Turawa su ja layi, wannan yanki bakin iyaka ne. A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. A 1808 rundunar jihadi ta ci Alƙalawa, kuma cikin jagororin yaƙin har da Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa. Sai dai faɗuwar birni ba ta zama ƙarshen Gobirawa ba. Sun ja zuwa arewa, bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, inda Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka riga suka zauna. Daga can mahayansu kan sauko su kai hari, su koma.

Wannan ya sa babbar hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano, wadda ita ce jijiyar daular, ta zama tana bin gefen ƙasar abokan gaba. Mafi hatsarin wurin shi ne dajin Gundumi, tsakanin Isa da Wurno, daji ne da ba gari, ruwa kuma sai an sha wuya.

Baƙi biyu sun bar mana labarin yadda ake bin hanyar. A 1824 Baturen Ingila Kilafatin, wanda ya kira kansa Abdullahi, ya biyo ta Zurmi zai je Sakkwato. Bai ratsa Gundumi ba sai da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko masa da rundunar mahaya suka yi masa rakiya. A 1853 Bajamushe Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya bar Katsina cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Sun biyo ta Zurmi da Badarawa, inda ya ga kasuwa cike da jama'a da auduga, suka yada zango a Isa. Daga nan suka shiga Gundumi, suka yi tafiyar sa'a 26 ba hutu, dare da rana, don gudun mahara. Wanda ya gaza a hanya ba a tsaya masa.

Abin lura shi ne, ba a rufe hanyar ba. Abin da aka yi shi ne tsara yadda za a bi ta. Falke ba ya fita shi kaɗai. Yakan jira a zango har ayari ya taru, a sami madugu da jagaba, wani lokaci a jira fitowar wani babban hakimi don a shiga inuwar dakarunsa. Yakan biya garama a garuruwan da ya ratsa, ya biya fito a bakin gulbi. Wannan ita ce takardar izinin wancan zamani, kuma tana da ma'ana: wanda ya karɓi kuɗinka ya ɗauki nauyin wucewarka.

Dabarar Bello

Rakiya tana da tsada, kuma ba kowa ke samunta ba. Manomin da zai kai dawa kasuwa ba zai jira Galadima ba. Muhammadu Bello ya gane haka, shi ya sa ya ƙarfafa dabara ta biyu, wato ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a naɗa masa shugaba, sau da yawa daga 'ya'yan sarki ko danginsa, a zaunar da manoma da makiyaya da maƙera da malamai. Bello da kansa ya bar Sakkwato ya tare a Wurno, kuma a can ya rasu a 1837. Waɗanda suka gaje shi sun ci gaba da wannan tsari a gabashin daular, inda Isa ta zama sansanin da ke fuskantar Gobir.

Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Mahari yana son daji da babu ido. Gari kuwa ido ne. Matar da ta je ɗebo ruwa, yaron da ke kiwo, manomin da ya ga sawun dawaki a bakin gonarsa, duk masu gadi ne da ba a biyan su albashi. Kowane gari da aka kafa yana rage tsawon dajin da matafiyi zai ratsa a tsorace. Ribaɗi bai kawar da hari ba, domin Gobirawa da Maraɗawa sun ci gaba da kai farmaki har ƙarshen ƙarnin. Amma ya sa hanyar ta rayu shekaru da dama a tsakiyar yaƙi, kuma da yawa daga garuruwan da muke alfahari da su yau a wannan kwari a inuwar wannan siyasa suka bunƙasa.

Ranar da hanya ta matsar da iyaka

Da Turawa suka zo raba ƙasa, hanya ce ta sake yanke hukunci. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A kan takarda abin ya yi kyau. A ƙasa kuwa Faransawa sun tarar an bar musu faƙo da yashi: ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin zuwa kudu. Tsakanin 1906 da 1908 tawagar haɗin gwiwa ta bi iyakar tana kafa alamomi 148. Daga ƙarshe Birnin Ƙwanni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi suka zama a ɓangaren Faransa, Illela da Sabon Birni da Jibiya suka zama a ɓangaren Ingila. Gobir ta rabu biyu, Katsina ta rabu biyu, saboda wata daula tana neman inda rakumanta za su sha ruwa.

Duk da wannan rabo, shekarun da suka biyo baya su ne lokacin da hanyoyinmu suka fi buɗewa. Hare-haren mahaya sun tsaya. Mutane suka fito daga cikin ganuwa suka kafa tungaye, aka sare wani sashe na dazuzzukan da ake tsoro aka yi gonaki. A 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Gusau, kuma nan ya tsaya. Kasancewarta ƙarshen dogo ya sa gyaɗa da auduga da fatu daga Shinkafi da Zurmi da Isa, har da na ƙetaren iyaka, suka riƙa kwararowa Ƙaura a kan jakuna da raƙuma, daga baya a kan manyan motoci. Kasuwar Shinkafi ta zama mahaɗar 'yan tireda da dillalan dabbobi daga ƙasashen biyu. Akwai 'yan kwastan, akwai sumoga, akwai shingaye, amma talaka yana fita da asuba ya dawo da magariba ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Zamanin rufewa

Dabara ta uku a zamaninmu ta yi ƙarfi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, kuma a tsakani aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A watan Maris na 2021, bayan sace 'yan matan makarantar Jangebe, aka hana jirage shawagi a sararin Zamfara. A ƙarshen Agusta na shekarar gwamna Bello Matawalle ya rufe kasuwannin mako, ya hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka. A Katsina gwamna Aminu Masari ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ga dukkan masu mota, aka ce wanda zai je Zamfara ya zagaya ta Funtuwa. Ranar 3 ga Satumba aka katse layukan waya a faɗin jihar, wasu wurare na makonni, wasu na watanni. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyakar, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024.

Ya kamata mu yi wa waɗanda suka ɗauki waɗannan matakai adalci. Ɗan bindiga yana buƙatar fetur da abinci da kasuwar da zai sayar da shanun sata, yana buƙatar waya don cinikin fansa. Toshe waɗannan kafofi tunani ne mai hujja, kuma an ga alamun takura a dajin a makonnin farko. Amma mu duba abin da ya biyo baya. Matsin ya tura maharan gabashin Sakkwato. A watan Oktoba na 2021 aka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A Disamba aka ƙona matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni da Isa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma bai dawo da rai ba. Dubun-dubatar mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, ƙasar da kakanninsu suka gina ganuwa don tsoronta.

Dalilin a bayyane yake. Dokar rufe hanya tana hawa kan wanda ke bin doka ne. Direban haya ya ajiye mota, mai albasa ya zuba wa kayansa ido suna ruɓewa, mai naƙuda ta rasa abin hawa. Mai babur da bindiga kuwa dama bai taɓa bin kwalta ba, burtali da gefen gulbi yake bi daga Dumburum zuwa Sububu. Da zarar ƙafa ta ɗauke, ido ya ɗauke, hanyar ta koma hannun wanda bai taɓa neman izini ba. Daga nan shi ke ba da izinin. Harajin da ake ɗora wa ƙauyuka kafin su yi noma ko girbi garama ce ta dawo, sai dai wannan karon mai karɓar ba ya ɗaukar nauyin kowa. Motocin da kan yi jerin gwano a jira sojoji su raka su kuwa, ayarin Galadima ne ya dawo bayan shekara 170.

Indiya ma ta bi ta wannan mataki. Tun 1873 Turawan mulki suka kafa dokar takardar izinin shiga tsaunukan arewa maso gabashin ƙasar, kuma tana aiki a wasu jihohi har yau. Bayan yaƙinta da Sin a 1962, ta shafe shekaru tana barin yankunan iyaka ba hanyoyin kirki, bisa tunanin cewa hanya mai kyau abokin gaba za ta taimaka. Sakamakon shi ne ƙauyuka suka riƙa zama kufai, matasa suka sauka birane. Daga baya ta juya: ta gina hanyoyi irin ta Umling La, ta sassauta wa 'yan ƙasa shiga wurare da dama a Ladak, a 2023 kuma ta ƙaddamar da shirin raya ƙauyukan bakin iyaka don mutane su zauna. Abin da Muhammadu Bello ya gani daga Wurno ke nan kusan shekara 200 da suka wuce.

Ba muna cewa kada a taɓa rufe hanya ba. Akwai ranar da soja ke buƙatar fili, kuma mai hankali zai kauce. Amma rufewa magani ne na kwanaki, dole a faɗi ranar farawa da ranar ƙarewa, a kuma tanadi yadda marar lafiya da mai kayan gwari za su wuce. Ma'aunin tsaro a arewacin Zamfara ba yawan shingaye ba ne. Ma'aunin shi ne ko mutumin Katuru zai iya ɗora buhunsa ya kai kasuwar Shinkafi ya dawo ya sami sallar la'asar a gida, ko kuma ƙauyen da aka tashi mutanensa sun koma sun yi shuka. Duk gwamnatin da ke son karɓe hanya daga hannun 'yan bindiga, daga nan za ta fara: ta mayar da mutane garuruwansu, ta zaunar da jami'an tsaro tare da su, ba a hedikwatar ƙaramar hukuma kaɗai ba, sannan ta bar kasuwa ta ci.