Isaac Wauchope da Nutsewar Jirgin Mendi

Da asubahin ranar 21 ga Fabrairu 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani jirgin ruwa mai suna Mendi yana ratsa mashigin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa. Hazo ya rufe ko'ina, sanyi kuma ya kai matuƙa. Kusa da tsibirin Wight sai wani jirgin Ingila mai suna Darro, wanda ya ninka Mendi girma fiye da sau biyu, ya auka masa da gudu, ya farke masa ciki. Ba a cika rabin awa ba Mendi ya nutse. Mutum 646 suka rasu: 616 'yan Afirka ta Kudu, 30 kuma ma'aikatan jirgin.

Mendi ba baƙo ba ne a gaɓar Afirka ta Yamma. Na kamfanin Elder Dempster ne, yana zirga-zirga tsakanin Liverpool da tashoshin wannan yanki. A 1916 aka mai da shi jirgin jigilar soja, ya kwashi sojojin Nijeriya zuwa Darussalam don yaƙi da Jamus a Afirka ta Gabas. Daga nan ya wuce Cape Town, inda a watan Janairu 1917 ya ɗauki baƙaƙen fata fiye da 800 zuwa Faransa. An sa musu kaki, amma an hana su riƙe bindiga, domin gwamnatin Turawa ta ƙasarsu ba ta yarda baƙi ya ɗaga makami a kan fari ba. Aikin da aka tanadar musu shi ne sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa, da fasa dutse, da saran itace.

Cikin waɗannan mutane akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Xhosa, Isaac Wauchope. An haife shi a 1852 kusa da garin Uitenhage, ya yi karatu a makarantar mishan ta Lovedale. A 1876 ya tafi aikin mishan a ƙasar da ake kira Malawi a yau, amma rashin lafiya ya dawo da shi gida. Ya yi aikin tafinta a kotu a Port Elizabeth, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Imbumba Yamanyama a 1882, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin siyasa na farko na baƙaƙen fatar ƙasar. Daga baya ya zama limamin coci a Fort Beaufort. Ya yi rubuce-rubuce da yawa a jaridun harshen Xhosa, inda ya riƙa jan hankalin mutanensa su nemi haƙƙinsu da alƙalami. Yana da shekara 64 ya shiga rundunar a matsayin akawu kuma tafinta.

Riwayar da ta yaɗu a bakin jama'a ta ce, da jirgin ya fara karkata, Wauchope ya tara mutanen, ya kwantar musu da hankali, ya tuna musu cewa ko da yake harsunansu daban-daban ne, su 'yan uwa ne, su fuskanci ajali tare. Aka ce sun tuɓe takalma, suka taka rawar ƙarshe a saman jirgin. Wannan riwaya ba ta cikin takardun binciken hukuma. Abin da binciken ya tabbatar shi ne kyaftin ɗin Darro, Henry Stump, bai saukar da kwale-kwale ko ɗaya don ceto ba. Jirgin rakiya mai suna Brisk ne ya tsamo waɗanda ya iya, sanyin ruwa kuwa ya halaka da yawa. Hukuncin Stump shi ne dakatar da lasisinsa na shekara ɗaya.

Da labari ya isa gida, majalisar dokoki ta miƙe tsaye don girmama mamatan, ƙarƙashin Firayim Minista Louis Botha. Amma bayan yaƙi, gwamnati ta ƙi bai wa baƙaƙen fatar ƙasar da suka yi aiki a rundunar lambar yabo, alhali jami'ansu Turawa sun samu. Saboda haka nauyin tunawa ya koma kan jama'a. Mawaƙin Xhosa S. E. K. Mqhayi ya yi waƙa a kan nutsewar, iyalai da coci-coci kuma suka riƙa taruwa kowace shekara a watan Fabrairu, har a zamanin mulkin wariyar launin fata.

Sai bayan faɗuwar wannan mulki a 1994 hukuma ta biyo sahun jama'a. Yau lambar jarumtaka ta ƙasar tana ɗauke da sunan Mendi, haka ma wani jirgin yaƙinta, kuma 21 ga Fabrairu ce Ranar Sojoji. A 2018 Firayim Ministar Birtaniya, Theresa May, ta miƙa ƙararrawar jirgin ga Shugaba Cyril Ramaphosa. Sunayen waɗanda teku ta riƙe gawarwakinsu suna rubuce a bangon tunawa na Hollybrook da ke Southampton. Wauchope ya shafe rayuwarsa yana rubutu, amma a wannan dogon lokaci da hukuma ta kau da kai, bakin mutanensa ne ya riƙe sunansa har ya iso gare mu.