Majigi na gida ko na sana'a: abin da ya kamata mai saye ya duba

Majigi na'ura ce da ke haska hoto daga kwamfuta, dekoda ko wayar salula zuwa bango ko farin ƙyalle. A Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ana amfani da shi a gidajen kallon ƙwallo, makarantu, ɗakunan taro da gidajen jama'a. Sai dai galibin waɗannan na'urori an ƙera su ne don ɗakuna masu sanyi, marasa ƙura, inda wuta ba ta yawan ɗaukewa. Saboda haka wurin da za a ajiye majigi shi ne farkon abin dubawa, kafin a zo maganar kuɗi.

Ƙarfin haske

Ana auna hasken majigi da lumen, kuma awon da aka fi yarda da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI a gefensa. Ɗaki mai duhu na iya wadatuwa da lumen 1.500 zuwa 2.000. Aji ko ɗakin taro da rana ke shiga yana bukatar 3.000 zuwa sama, haka ma rumfar kallon ƙwallo da ke nuna wasannin la'asar. Ƙananan majigi masu araha sukan zo da manyan lambobi a jikin kwali ba tare da kalmar ANSI ba, alhali ainihin haskensu sau da yawa bai wuce ƴan ɗaruruwa ba. Irin waɗannan sai da dare, kuma a ƙaramin ɗaki.

Tsabtar hoto

Lambar da ke da muhimmanci ita ce yawan ɗigon hoton da majigin ke fitarwa da kansa. Don fim da ƙwallo, 1920 x 1080 ya fi dacewa, yayin da 1280 x 800 ya isa nuna rubutu da darussa. Wasu kwalaye na cewa na'urar tana karɓar 1080 ko 4K, amma karɓa daban, fitarwa daban: hoton da ke zuwa bango yana iya zama ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Fitila, LED ko leza

Majigi mai fitila ya fi arha a wajen saye, amma fitilar kan yi awa 3.000 zuwa 6.000 kafin a canza ta. Gidan kallo da ke aiki awa 6 kullum zai cinye awa 4.000 cikin ƙasa da shekara 2. Masu LED ko leza kan kai awa 20.000, kuma ba sa jiran dogon hucewa kafin a kashe su. Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a tambayi farashin sabuwar fitila da inda ake samunta.

Zafi, ƙura da wuta

Yawancin kamfanoni sun ƙayyade zafin aiki zuwa digiri 35 ko 40, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Nijar na haura 40, musamman ƙarƙashin rufin kwano. Majigi na bukatar fili a gefensa don iska ta ratsa; idan ya yi zafi yakan kashe kansa a tsakiyar kallo.

Ƙurar hunturu kuwa tana toshe matatar iska. Masu fasahar LCD, irin na Epson, suna da matata da ake cirewa a kakkaɓe a kai a kai. Masu DLP, irin na BenQ da Optoma, galibi ɓangaren hotonsu a rufe yake, don haka ƙura ba ta cika ɓata hoton ba.

Idan wutar NIGELEC ta ɗauke kwatsam, fankar da ke sanyaya fitila tana tsayawa, abin da ke rage mata kwana. Ƙaramin batirin ajiyar wuta da na'urar daidaita ƙarfinta suna kare jarin. Ga mai dogaro da hasken rana, majigi mai fitila kan ci wat 250 zuwa 350, ƙaramin mai LED kuwa sau da yawa bai kai 100 ba.

Tazara da mahaɗai

Hoto mai inci 100 yana da faɗin kusan mita 2,2, kuma majigi na yau da kullum yana bukatar tazarar mita 3 zuwa 4 don ya cika shi. Idan ɗaki ƙarami ne, akwai masu haskawa daga kusa, sai dai sun fi tsada. Dole ne a sami mahaɗin HDMI don dekodar Canal+ da sababbin kwamfutoci. VGA na tsofaffi ne. Lasifikar cikin majigi ba ta isar taro, don haka a lissafa da kuɗin ta waje.

Na hannu

Mai sayen na hannu ya nemi a kunna masa shi na aƙalla rabin awa, ya duba adadin awannin fitila a cikin saitin na'urar, sannan a haska farin shafi don a ga ko akwai tabo ko ɗige-ɗige. Idan mai sayarwa ya ƙi a gwada, gara a nemi wani shago.