Ruwan Tiga da Rabuwar Gandu

Idan ana maganar abin da ya sauya zaman gida a ƙasarmu, wayar hannu ake fara ɗora wa laifi. Mu da muke cin abinci da kwamfuta mun fi kowa saurin yarda da haka. Amma a Madobi da Kura da Bunkure, ruwa ya riga waya shiga tsakanin uba da ɗansa.

Kafin dam ɗin Tiga, gandu shi ne gida. Maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza, ko da sun yi aure, gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake ɗiba. Shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi aure. Abin da yaro ya mallaka bai wuce 'yar gayaunarsa ba, wadda yake shiga bayan an tashi daga aikin gandu. Da an gama girbi, mai fadama ya kafa jigo ya shayar da albasarsa, sauran samari kuwa su tafi ci-rani.

Gwamnatin Audu Bako ta fara ginin Tiga a 1971, aka gama a 1974, lokacin da fari ya gigita Arewa. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi aikin noman rani na Kadawa. Ruwa ya biyo kanal, aka shiga noman alkama da tumatir, daga baya shinkafa ta mamaye. Inda kanal bai kai ba, kamar bakin kogi a ƙasar Madobi, ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur ya ture jigo.

Noman rani na kuɗi ne, ba na rumbu ba. Iri da taki da mai da ƙwadago, duk sai an zaro daga aljihu, amfanin kuma kasuwa yake nufa. Saurayin da ya karɓi hayar 'yar gona, idan shekara ta yi kyau, zai iya haɗa lefensa da kansa. To wanda ya biya sadaki da kuɗin tumatirinsa, wa zai ce masa gobe da sassafe ya fito gandu? A gidaje da yawa ba faɗa aka yi ba, tukunya ce ta rabu a hankali. Ba ma cikin masu ganin duk asara ce. Gandu ya ciyar da maraya da tsoho, amma yakan riƙe mutum har furfura bai mallaki ko tunkiya ba.

Mata ma ba su zauna ba. Injin niƙa ya sauke musu dutse da turmi, lokacin da suka samu ya tafi wajen turara shinkafa, sana'ar da ta fito da sunan Kura. Tun a ƙarshen shekarun 1970, matan da ke ƙwadago a gonar wani kamfanin Turai da ke cikin aikin Kadawa sun yi yajin aiki kan kuɗin da ake biyansu.

Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ta tarar an riga an raba rumbu. Abin da ta ƙwace daga hannun dattijo shi ne labari. Da, farashi sai abin da dillali ya faɗa, duniya kuma sai abin da rediyon maigida ta kawo. Yanzu yaro zai kira kasuwar Mil 12 a Legas kafin a loda kwando ɗaya a Kwanar Gafan. Matar aure da 'yar talla ce ƙafarta da bakinta, yau daga ɗakinta take ciniki, kuɗi ya faɗa asusunta ba wanda ya ƙirga mata.

A farkon 2023, da takardun Naira suka yi wuya, dattijan da ba su da asusun banki suka sayar da shinkafa, kuɗin ya shiga asusun ɗa ko jika. Mutumin da da shi kaɗai ke buɗe rumbu, ga shi zaune a zaure yana tambayar yaro ko kuɗin sun shigo.