Yadda Rawutar Gida Ta Koyi Zama da Sauran Na'urori

Duk wanda ya taɓa juya rawutar gidansa ko 'yar na'urar MiFi ya duba ƙarƙashinta, ya ga lambobin da suka fara da 192.168. Lambobin nan iri ɗaya ne a Kano da Damagaram da Tokyo, miliyoyin gidaje suna amfani da su a lokaci guda, amma saƙon wani ba ya faɗawa gidan wani. Wayar da aka ƙera a Sin tana karɓar adireshi daga rawutar wani kamfani dabam, ita kuma rawutar tana magana da injinan kamfanin sadarwa da wasu suka ƙera, kuma duk suna jituwa. An ɗauki shekaru kusan arba'in ana gina wannan jituwa, tarihinta kuma yana nuna abu ɗaya: ƙa'idar da aka rubuta a takarda ba ta fara aiki sai ranar da aka haɗa na'urorin maƙera daban-daban aka ga sun fahimci juna. Inda aka tsallake wannan mataki, masu amfani ne suka biya bashin.

Al'adar gwajin ta girmi rawutar gida nesa ba kusa ba. A 1981 aka fitar da ƙa'idar adireshin intanet da ake kira IPv4, wadda Jon Postel ya shirya, sannan a ranar 1 ga Janairun 1983 cibiyar ARPANET ta Amurka ta koma amfani da ita gaba ɗaya. Tun kafin nan masu rubuta manhajoji sukan yi wata gasa, kowa ya kawo tasa a haɗa su biyu-biyu. Ana ba da maki idan manhaja ta buɗe hulɗa da 'yar'uwarta ta rufe lafiya, ana kuma ba da ƙarin maki ga wanda ya durƙusar da manhajar abokin karawarsa da saƙon da bai saɓa wa ƙa'ida ba. A nan ake gano cewa mutum biyu sun karanta jimla ɗaya, kowa ya fahimci abinsa. Da kamfanoni suka shigo, Dan Lynch ya tara su a Monterey ta jihar Kalifoniya a 1986, taron da ya zama baje kolin Interop a 1988, inda tilas kowane kamfani ya jona kayansa da na abokan hamayyarsa a bainar jama'a. A shekarar ce kuma Jami'ar New Hampshire ta buɗe ɗakin gwajinta na haɗa na'urori. Ita ma hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta sa sharaɗi cewa ƙa'ida ba za ta hau mataki na gaba ba sai an sami manhajoji biyu, waɗanda aka rubuta dabam-dabam, sun yi aiki tare.

Sai ga shi na'urar da ta fi kowace shiga gidajen mutane ta zo ta bayan gida. Adireshin IPv4 bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba, kuma a farkon shekarun 1990 aka gane zai ƙare. A 1994 Kjeld Egevang da Paul Francis suka bayyana dabarar NAT a matsayin maganin wucin gadi, a wannan shekarar kuma aka keɓe wasu rukunan adireshi don amfanin cikin gida, ciki har da 192.168. Dabarar kamar babban gida ce mai zaure ɗaya: duniya ta san lambar ƙofar waje kaɗai, mai zama a zaure ne yake riƙe da lissafin wane ɗaki ya aika saƙo, don ya san inda zai miƙa amsa. Matsalar ita ce an bayyana dabarar ba a tsayar da yadda za ta yi aiki dalla-dalla ba, domin da yawa daga injiniyoyin IETF ba sa son ta, suna ganin rubuta mata ƙa'ida tamkar ba ta gindin zama ne. Kowane kamfani sai ya yi gaban kansa. Wata rawutar takan manta da hulɗa bayan 'yan daƙiƙoƙi na shiru, wata takan riƙe ta mintuna. Wata takan bar amsa ta shigo daga ko'ina, wata sai daga inda aka aika kaɗai. Kiran murya da wasannin intanet suka riƙa yankewa, har a 2003 aka ƙirƙiro wata ƙa'ida mai suna STUN don manhaja ta lalubo irin NAT ɗin da take bayansa. Sai a 2007, shekara 13 bayan fitowar dabarar, aka rubuta sharuɗɗan farko, ciki har da cewa kada rawuta ta manta da hulɗa kafin minti biyu. A lokacin kuwa miliyoyin na'urori sun riga sun shiga gidaje.

Ana cikin haka wata ƙofa ta buɗe. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da rawutar WRT54G, aka gano manhajarta ta ginu ne a kan Linux, wanda lasisinsa ya wajabta a bayyana asalin rubutun manhajar. Bayan matsin lamba aka sake shi a 2003, daga nan aikin OpenWrt, buɗaɗɗiyar manhajar rawuta, ya taso a 2004. Wannan ya canza yanayin gwaji, domin a da idan rawuta ta ƙi jituwa da wata na'ura sai dai a yi hasashen dalili, yanzu kuwa mai gwaji yana iya buɗe manhajar ya ga layin da ya jawo matsalar, ya gyara, ya sake jarrabawa.

Da aka zo kan IPv6, magajin IPv4 wanda aka fara fitar da ƙa'idarsa a 1995 da adireshi mai tsawon ninki huɗu na tsohon, an ɗauki darasi. Aikin rawuta ya canza: maimakon ta ɓoye gida bayan adireshi ɗaya, tana karɓar rukunin adireshi daga kamfanin sadarwa, ta sanar da shi a cikin gida, kowace na'ura ta haɗa nata. A Japan aikin TAHI ya fara rubuta gwaje-gwaje tun 1998, a 2003 kuma aka ƙaddamar da tambarin IPv6 Ready da ake ba na'urar da ta ci gwaji. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 rumbun IPv4 na duniya ya ƙare, wata biyu bayan haka IETF ta fitar da jerin abin da ake buƙata daga rawutar gida, aka sabunta shi a 2013. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya fito ne daga cutar da aka gani da ido: rawutar da ke shaida wa kwamfutoci cewa ita ce hanyar IPv6 alhali babu hanyar a wajenta, sai shafi ya tsaya cak har kwamfuta ta gaji ta koma tsohuwar hanya. Aka ce idan ba ta da hanya, kada ta yi iƙirarin tana da ita. Ranar 8 ga Yunin 2011 Google da Facebook da Yahoo suka kunna IPv6 na awa 24 don a ga abin da zai lalace, sannan ranar 6 ga Yunin 2012 aka kunna dindindin, tare da masu ƙera rawuta irin su Cisco da D-Link.

Wani zai ce kasuwa ta isa alƙali, na'urar da ba ta aiki ba za a saye ta ba. Amma mai saye ba ya ganin irin wannan aibi a shago. Idan kira ya yanke, kamfanin sadarwa yake zagi, ita kuwa rawutar sai ta yi shekaru a gida ba a taɓa manhajarta ba. Wani kuma zai ce ai NAT ya yi aiki duk da rashin ƙa'idarsa. Ya yi, amma masu rubuta manhajoji ne suka ɗauki nauyin kewaye shi, kuma yau kamfanonin waya da dama sun ƙara wani NAT ɗin a nasu ɓangaren, har a 2012 aka keɓe masa rukunin adireshi na musamman. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tambari shaidar ɗakin gwaji ce kawai, ba ya lamunce abin da zai faru a layin kowane kamfani. Gaskiya ne, sai dai maganinsa shi ne kamfanonin sadarwa su kawo nasu injinan wurin gwajin. Wannan ya shafi Afirka kai tsaye, domin AFRINIC mai rabon adireshi a nahiyar ta shiga matakin ƙarshe na tsimin IPv4 a 2020. Duk kamfanin da zai raba wa abokan cinikinsa rawuta a yau, ya kamata ya fara jona ta da injinansa ya ga yadda take karɓar adireshi da rarraba shi, domin gyara a ɗakin gwaji ya fi sauƙi a kan bin gidaje dubbai ana canza na'ura.