Tsamin Ƙasa a Gonar Wake da Gyaɗa

Ya kai manomi, idan wakenka ko gyaɗarka sun tsumbure a jigawar Bangi, ganye ya yi rawaya alhali damina ta yi kyau, mai yiwuwa ƙasar ce ta yi tsami. Idan ma'aunin tsami, wato pH, ya gaza 5,5, saiwa ba ta yin zurfi, kuma ƙananan ƙululun jikinta masu ƙara wa gona ƙarfi sukan ragu.

Nemi malamin gona a auna ƙasar tukuna. Kafin shuka, zuba takin dabbobi da toka, ka bar karan hatsi a gona. Garin fosfat na Tawa ya fi narkewa a ƙasa mai tsami. Rage takin yuriya, domin yawansa yana ƙara tsami.