BCPL: Harshen da Ya Kwance wa Manhaja Dabaibayi

A Mahuta, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fakai ta masarautar Zuru, mai sana'ar POS yana riƙe da wayar Tecno ko itel, mai shagon buga takardu na gefensa kuma yana lallaɓa tsohuwar kwamfutar gwanjo. Ƙwaƙwalwar na'urorin biyu ba iri ɗaya ba ce. Ta wayar tsarin ARM ce, ta kwamfutar galibi Intel ce ko AMD, kuma umurnin da ɗaya ke ji, ɗayar ba ta san shi ba. Amma duk da haka akwai manhajojin da ke gudana a kan kowacce ba tare da an sake rubuta su daga tushe ba. Ɗaya daga cikin saiwoyin wannan sauƙi wani ƙaramin harshen shirya manhaja ne mai suna BCPL, wanda aka fi tunawa da shi saboda ƙananan abubuwan da ya bari, aka yi watsi da babban.

A farkon shekarun 1960 jami'o'in Kambirij da Landan a Ingila suka haɗa kai don ƙirƙiro harshen CPL. Burin ya yi girma, har gina masa mafassari, wato manhajar da ke juya rubutun ɗan Adam zuwa umurnin na'ura, ya zama jan aiki. Martin Richards na Kambirij ne ya zauna ya rage masa kaya. A 1967, yana ziyarar aiki a cibiyar MIT ta Amurka, ya gina mafassarin BCPL na farko a kan kwamfutar IBM 7094, ya gabatar da shi a wani taron masana a 1969.

Dabararsa ita ce raba mafassarin gida biyu. Kashin farko yana karanta rubutun mai shirya manhaja, ya mayar da shi wani harshen tsakiya da ake kira O-code, wanda aka tsara don wata na'ura ta ƙiyasi, wadda babu ita a zahiri. Kashi na biyu ne kaɗai ya san na'urar gaske. Idan sabuwar kwamfuta ta fito, wannan ƙaramin kashin za a sake rubutawa, sauran ya zauna yadda yake. Kamar dillalin kasuwar shanu ne da ke tsaye tsakanin Bafillace, Badakkare da Bayarabe: kowa ya ji Hausa, ciniki ya faɗa, ba sai kowanne ya koyi harsunan sauran ba. Tun da an rubuta mafassarin da BCPL ɗin kansa, da zarar an kammala kashi na biyu sai ya ɗauki kansa ya hau sabuwar na'urar.

Masu ja za su ce Richards bai ƙago tunanin harshen tsakiya ba, domin an kawo shawarar UNCOL tun 1958. Gaskiya ne. Sai dai UNCOL ya nemi ya zama gada ga dukkan harsuna da dukkan na'urori, bai kuwa kai gaci ba. Richards ya taƙaita burinsa ga harshe guda, abin ya yi aiki. Da BCPL aka rubuta manhajojin farko na kwamfutar Xerox Alto, da tsarin TRIPOS na Kambirij, wanda daga baya ya zama tushen AmigaDOS a 1985.

Zuriyar BCPL sananniya ce. A 1969 Ken Thompson na Bell Labs ya matse BCPL ya fitar da harshen B don ƙaramar kwamfutar PDP-7. Daga baya rauninsa ya bayyana: BCPL bai bambanta lamba da harafi ko adireshin ma'ajiya ba, komai a wurinsa kalmar na'ura guda ce. Da PDP-11 ta zo, mai lissafin ma'ajiyarta bayit-bayit, wannan tsari ya zama cikas. Dennis Ritchie ya ƙara nau'o'in bayanai, aka sami harshen C wajen 1972, aka sake rubuta zuciyar Unix da shi a 1973. Zuciyar Linux, wadda Android ke zaune a kanta, yawancinta da C aka rubuta ta. Hatta alamar // ta saka sharhi, wadda C ya yar, daga BCPL C++ ya ɗauko ta, C ma ya karɓe ta a 1999.

Irin waɗannan alamomi ne littattafai suka fi ambata. Gadon da ya fi nauyi shi ne na'urar ƙiyasin nan, wadda ta sake bayyana a p-code na harshen Pascal, sannan a Java a 1995. Wannan kuwa ya fi shafar wanda ba shi da zaɓin na'ura, wanda abin da kasuwa ta kawo da araha shi yake saye. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a jami'ar Aliero ko ta Birnin Kebbi zai iya haddace C da Java ba tare da ya taɓa ganin yadda mafassari ke aiki ba. Ya kamata malamai su sa ɗalibansu su gina ƙaramin mafassari mai kashi biyu da hannunsu kafin su kammala digiri, kuma BCPL, saboda ƙanƙantarsa, ya isa abin koyi a wannan darasi.