Labarin BIOS Mai Lamba 4.51PG

Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta tsakanin 1996 da 2000, da wuya a ce bai taɓa ganin wani ɗan rubutu da ke fitowa a saman gilashinta da zarar an kunna ta ba, watau Award Modular BIOS v4.51PG. Daga gefen dama kuma akwai hoton tauraro. Rubutun ba ya daɗewa, kafin mutum ya gyara zama ya ɓace, saboda haka kaɗan ne suka kula da shi. Amma in ba don abin da ke ɗauke da wannan suna ba, na'urar ba ta ko motsawa.

Bari mu fara da sunayen kayan. A cikin kowace kwamfuta akwai wani faffaɗan allo wanda a ke dasa dukan sauran kaya a kansa, a nan za mu riƙa ce da shi uwar allo. A kansa ƙwaƙwalwar na'ura ta ke. To, ita ƙwaƙwalwan nan, sa'ad da wuta ta shige ta, ba ta san kome ba, ba ta san inda faifan ajiya ya ke ba, balle ta karanta shi. Don haka aka dasa wani ɗan baƙin akwati mai ƙafafu a kan uwar allo, aka rubuta umurnin farko a cikinsa yadda ba zai goge ba ko an kashe wuta. Umurnin nan shi ne BIOS. Aikinsa kamar na madugu ne da asuba kafin ayari ya tashi: ya ƙidaya ma'ajiyar aiki, ya taɓa maɓallan rubutu, ya duba gilashi. In kome lafiya, sai ya yi 'yar ƙara guda ɗaya gajeriya. In gilashi ne ya ƙi, na Award ya kan yi doguwa ɗaya da gajeru biyu. Sa'an nan ya ɗauko yankin farko na faifai, bait 512, ya duba ko akwai alamar da a ke nema a ƙarshensa, ya miƙa masa ragama, shi kuwa ya taso da DOS ko Windows.

Kalmar ta girmi kwamfutar IBM. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ya yi amfani da ita cikin 1975 a tsarinsa mai suna CP/M, domin ya ware sashen da ke hulɗa da ƙarfe daga sauran shiri. Da kamfanin IBM ya fito da tasa na'ura a watan Agusta na 1981, sai ya sa BIOS ɗinsa cikin ɗan akwati mai kilobait 8, kuma ya buga dukan umurnin, layi bi layi, cikin littafin bayanin na'urar. Kowa na iya saye ya karanta. Sai dai karantawa daban, kwafewa daban, gama cikin 1983 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka, a shari'ar Apple da Franklin, ta yanke cewa irin wannan rubutu ma yana da mai shi bisa doka.

Sauran kayan na'urar IBM duk a kasuwa a ke sayensu, BIOS ne kaɗai ƙofar da ke kulle. Kamfanin Compaq ya rubuta nasa, ya fara sayar da na'urarsa cikin 1983, amma don kansa ya yi. Phoenix ne ya buɗe wa kowa ƙofa cikin 1984. Dabararsa ita ce: wasu ma'aikata su karanta na IBM su rubuta bayanin abin da ya ke aikatawa kawai, wasu kuma waɗanda ba su taɓa ganinsa ba su rubuta sabo daga bayanin nan. Ta haka babu mai cewa an yi sata. Daga nan masu sayar da BIOS suka zama uku manya: Phoenix, da AMI wanda aka kafa 1985, da Award Software na Kalifoniya wanda aka kafa 1983.

Sa'ar Award ta zo ne daga Taiwan. Cikin shekarun 1990 tsibirin nan ya zama makerar uwar allo ta duniya, kamfanoni irin su Asus da Gigabyte da Abit da MSI suna ƙerawa, ƙananan shaguna ko'ina suna saye suna harhaɗa kwamfuta. Da yawansu BIOS na Award suka ɗauka. Aka yi 4.50G, aka yi 4.50PG, sa'an nan 4.51PG. Harafin G yana nufin dabarar tsimin wuta, watau na'ura ta yi gyangyaɗi in an bar ta ba aiki, tauraron nan kuwa alamar shirin Energy Star ce wanda hukumar kula da muhalli ta Amurka ta soma cikin 1992. Harafin P na nufin na'ura ta gane sabon kati da kanta in an cusa shi, ba sai mai ita ya yi ta sauya 'yan filogi da hannu ba. Wannan ya zo daidai da fitowar Windows 95. In mutum ya danna maɓallin Del sa'ad da ta ke tashi, sai wani shuɗin shafi ya buɗe, inda a ke saita agogo da faifai da saurin ma'ajiya.

Ga wani abu da ya rikita mutane da yawa. Lambar 4.51PG sunan gida ne, kamar yadda 'yan'uwa da yawa kan amsa sunan kaka ɗaya. Award ya kan sayar da gindin shiri, kowane maƙeri kuma ya gyara shi daidai da allonsa. Shekara da shekaru ana ta gyare-gyare a ciki, lambar tana nan yadda ta ke. Saboda haka na 1996 da na 1999 suna ɗaya gare su, hali kuwa ya sha bamban. Mai son sanin gaskiya sai ya dubi ƙasan gilashi, inda wani dogon layi ke fitowa. Farkonsa kwanan wata ne, can gaba kuma akwai haruffa irin su 2A59I, watau allo mai kayan Intel 430TX, ko 2A69K, watau mai 440BX. Haruffa biyu na bayansu su ke faɗin maƙeri: G0 Gigabyte, A1 Abit, M4 MSI. Masu gyara da yawa sun haddace su, domin sau da yawa allon araha ba ya ɗauke da sunan kowa, wanda kuwa ya zuba wa allonsa BIOS na wani allo don ya ga lamba ɗaya ce, ya kashe shi ke nan.

Babbar wahalar wannan zamani ita ce girman faifai, kuma gadonta aka yi. A ƙa'idar da aka gada daga IBM, BIOS na kiran wuri a faifai da lamba uku: zobe, da kai mai karatu, da yanki. Ya san zobe 1,024, da yanki 63 a kowane zobe. Su kuma faifan, ƙa'idarsu ta tsaya a kai 16. In ka ninka 1,024 da 16 da 63 da 512, za ka sami megabait 528, nan ne iyaka ta farko. Sa'ad da aka tsara haka faifai mai megabait 10 ko 20 abin alfahari ne, ba wanda ya ga laifin lissafin. Wajen 1994 faifai ya kai iyakan nan. Aka yi dabara, BIOS ya riƙa yi wa lambobin fassara, yana rage zobe yana ƙara kai har 255, iyaka ta koma gigabait 8.4. Ba a jima ba wannan ma ta cika, aka ƙara sabon umurni mai kiran yanki da lamba guda kawai.

Na Award kuma yana da tasa cuta ta musamman. In yana lissafin girman faifai, wurin da ya ke ajiye yawan zobe ba ya ɗaukar abin da ya wuce 65,535. Faifan da ya haura wajen gigabait 33.8 sai lissafi ya cika ya zube, na'ura ta tsaya cik tun wurin neman faifai, ko shuɗin shafin nan ba ya cetonta. An gyara wannan wajen tsakiyar 1999, amma lambar da ke gilashi ba ta sake ba. Maƙera da yawa kuwa sun riga sun daina kula da tsofaffin allunansu, sun fi son a sayi sabo. Masu yin faifai suka sa ɗan filogi a bayansa wanda ke sa faifai mai gigabait 40 ya ce shi 32 ne, mai shi ya yi asarar sauran. Wasu masu sha'awa kuma suka zauna suka warware BIOS ɗin da kansu, suka gyara 'yan lambobin da ke kawo matsala, suka raba kyauta a intanet. A ganina wannan aiki nasu ya fi na kamfanonin kyau, gama ya ƙara wa na'urori masu lafiya shekaru.

Agogo ma ya kawo tasa. Tun na'urar IBM AT ta 1984 a ke ajiye shekara da lamba biyu cikin ɗan agogo mai batir. Wasu daga cikin 4.50G na 1994 da 1995 ba su karɓar shekarar da ta wuce 99, saboda haka da 2000 ta shigo, kowace safiya sai an sake saita musu kwanan wata.

Yadda aka iya yin gyara ba tare da an cire ɗan akwatin ba, shi ne a wannan zamani an koma irin wanda a ke iya gogewa a sake rubutawa da wutar na'urar kanta, yawanci mai kilobait 128 ko 256. Alheri ne, amma ƙofa ce. In wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, allo ya mutu. Cikin 1998 wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta mugun shiri mai suna CIH, wanda ya ɓuya cikin na'urori masu Windows 95 da 98, ran 26 ga Afrilu 1999 ya tashi. Ya kan shafe farkon faifai, a wasu alluna kuma, musamman masu 430TX, ya ɓata BIOS ɗin kansa. Ɓarnar ta yi yawa a ƙasashen Asiya. Masu gyara suka koyi wata kasada: su tayar da allo mai lafiya, su zare ɗan akwatinsa wuta na ciki, su cusa mataccen, su sake rubuta shi. Gigabyte kuwa ya soma sa akwati biyu a allo ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗayan ya tsaya masa.

Cikin 1998 Award ya haɗe da Phoenix, abokin gasarsa. Bayan haka 6.00PG ya gaji 4.51PG, ya yi shekaru fiye da goma yana aiki. Amma dukansu har yanzu da tafiyar ƙwaƙwalwar 1981 su ke farawa, kuma tsarin rabon faifai da suka sani ya tsaya a wajen terabait 2.2. Intel ya riga ya fara wani sabon tsari tun ƙarshen shekarun 1990, cikin 2005 kamfanoni suka haɗu suka karɓe shi da sunan UEFI. Wajen 2011 da 2012 yawancin sababbin alluna suka koma kansa, Windows 11 na 2021 kuwa shi ya ke nema. Duk da haka bakin mutane bai sake ba, har yau BIOS su ke ce wa sabon.

Shi kuwa 4.51PG, masu tara tsofaffin na'urori sun kwafe ire-irensa da yawa sun adana, kuma shirye-shirye irin su PCem da 86Box, masu kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, da su su ke tashi. In aka sami allo na ainihi a ɗakin ajiya, yawanci abin da ya mutu batirin agogo ne, ɗan faifan nan mai lamba CR2032. BIOS zai yi ƙorafi cewa saitinsa ya ɓace, ya nemi a danna F1. In an sa sabon batir an gyara kwanan wata, sai ya ƙidaya ma'ajiya ya yi ƙararsa guda.